Shafi Biyu a Gaban Ɗan Majalisa

Jawabin da ɗaya daga cikin ɗalibanmu na jami'a ya gabatar a zaman matasa



Shugaban zama, malamanmu, iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, ƴan uwana matasa maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Kwamitin shiri ya ba ni minti ashirin in yi magana a kan inda karatu ke iya kai mutum bayan lisansi. Na san abin da aka saba ji: likita, injiniya, alƙali, malamin lise, ko kuma zaman jiran gasar ɗaukar ma'aikata da ba a san ranar buɗe ta ba. Ni na zaɓi wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, a wata ƙasa mai nisa. Ku yi mani haƙuri har in kawo ku inda ya shafe mu.

A Amurka akwai tsarin da ake ɗaukar masu karatun masta, ko waɗanda suka gama doktora, a kai su majalisar dokokin jiha su yi wajen shekara guda, ana biyan su abin da za su rayu a kai. Da mu ne sai mu ce sitaj, amma ya wuce sitaj ɗin da muka sani na kai takarda daga wannan biro zuwa wancan da dafa ma manya shayi. Ɗan majalisa ne zai yi tambaya, su kuma su je su binciko su kawo masa amsa a rubuce. Abin da ya ja hankalina shi ne sharaɗin da ke kan wasu daga cikin guraben nan: mai bincike ba ya da jam'iyya a bakin aiki. Na jam'iyya mai mulki ya tambaya, a ba shi amsa. Na adawa ya zo da tambaya iri ɗaya, a ba shi wannan amsar dai, ba ragi ba ƙari.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu, kada wani ya fara lissafin kuɗin fasfo. Guraben nan an yi su ne don ƴan ƙasar da kuma masu izinin aiki a can. Idan wani ya aiko maku saƙo ta WhatsApp cewa ku biya jika goma a cika maku takardar neman shiga, ku riƙe kuɗinku. Abin da nake so mu duba yau ita ce sana'ar kanta, yadda ta faro, da abin da take nema daga wanda ya shige ta.

Kalmar jiha na iya ruɗa mu. Mu nan in an ce jihar Maradi ko jihar Tawa, yanki ne na mulki. Dokar da ke aiki a Maradi ita ke aiki a Damagaram, kuma daga Yamai take fitowa. Amurka tarayya ce mai jihohi 50, kowace da tsarin mulkinta da gwamnanta da majalisarta. Sha'anin makarantu, lasin tuƙi, aure da saki, mafi yawan laifuffuka da hukuncinsu, har ma ko za a riƙa yanke hukuncin kisa ko a'a, jiha ke yanke wa kanta. Wanda ya saba shiga Katsina ko Kano ya ga kama da haka, don su ma suna da majalisun jiha, ta Katsina mai kujera 34, ta Kano mai 40, ko da yake ikon jihohin Amurka ya fi nasu faɗi nesa ba kusa ba.

Ƴan majalisun jihohin nan sun haura 7,000, kuma da yawansu majalisa ba ita ce sana'arsu ba. A jihar Niyu Hamsha, majalisar wakilai mutum 400 ce, albashin kowa dala 100 a shekara. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, amma duk da haka bai wuce jika sittin ba, a shekara fa, ba a wata ba. A Teksas, jiha mai mutane fiye da na Nijar gaba ɗaya, majalisa na yin zamanta na ƙa'ida sau ɗaya ne a shekara biyu, kuma ba ya wuce kwana 140. To ku ɗauki manomi ko malamin makaranta ko mai sayar da gidaje da aka zaɓa. Da safe an sa masa ƙudurin doka a kan ruwan sha, da rana a kan farashin magani, da yamma a kan fanshon ma'aikata, kuma kowane sai ya ɗaga hannu ko ya sauke. Ko a Kalifoniya, inda majalisa ke aiki shekara cur, ƴan majalisa 120 ne ke fama da ƙudurori wajen 2,000 a shekara. Babu kan da zai ɗauki wannan.

To wa zai gaya masa abin da ke ciki? Ma'aikatun gwamnati na da masana, amma kasafin kuɗinsu suke karewa. Kamfanoni da ƙungiyoyi na da ƴan kamun ƙafa da suke biya su zauna a harabar majalisa, kuma sun san aikinsu ƙwarai, sai dai kowa ɓangaren da ya yi masa daɗi zai nuna. Jam'iyya na da ma'aikatanta, su kuma zaɓe mai zuwa ke gabansu. Mu muka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ɗan majalisa na iya zama mutumin kirki, amma in duk wanda ke raɗa masa a kunne yana da abin da yake nema, dokar da za ta fito ta mai raɗar ce.

Wanda ya fara toshe wannan kafa da gaske ɗalibi ne da bai daɗe da ajiye alƙalami ba. Sunansa Charles McCarthy. An haife shi a 1873, ɗan baƙin haure daga Ailan, mahaifinsa ma'aikacin masana'antar takalma. Da ƙyar ya samu shiga jami'a, ya yi suna a wasan ƙwallon Amurkawa, daga baya ya gama doktora a fannin tarihi a jami'ar Wiskonsin a 1901. A wannan shekarar hukumar ɗakunan karatu ta jihar ta ɗauke shi wani ɗan aiki da ba wanda ke kishi: ya jera takardun gwamnati a wani ɗaki a ginin majalisa, a birnin Madison. Aikin tsare kanta ne kawai.

Shi kuwa da ya duba sai ya ga mutanen da ke shigowa ginin, yawancinsu daga karkara, ba su da mai taimaka masu, alhali kamfanonin jirgin ƙasa na da manyan lauyoyi da ke rubuta ƙudurori su miƙa. Sai ya fara aika ma ƴan majalisa wasiƙa yana cewa duk mai tambaya ya zo. Ya lura ba su da lokacin karanta littafi mai shafi ɗari biyar, don haka ya riƙa yanke jaridu da ƙasidu, yana tara dokokin wasu jihohi da na ƙasashen waje, yana aika wasiƙu da talgiram ga masana, ya haɗa komi a kan batu guda cikin ƴar jaka guda. A watan Fabrairun 1904 gobara ta ci ginin majalisar har da abin da ya tara. Ya sake daga farko. Zuwa 1907 ofishin ya fara rubuta ma ƴan majalisa ƙudurorin da kansu, amma bisa ƙa'ida: ba a rubuta komi sai da umurnin ɗan majalisa a rubuce da sa hannunsa, kuma mai rubutawa ba ya cusa nasa ra'ayi. Ra'ayin na wanda aka zaɓa ne, shi gyaran harshen doka ne nasa.

Jami'ar da majalisar a titi ɗaya suke, ana iya takawa a ƙasa. Malamai irin su John Commons, masanin tattalin arziki, da ɗalibansu na manyan digiri suka riƙa zirga-zirga tsakanin wuraren biyu. A zaman 1911 Wiskonsin ta fitar da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki da dokar harajin kuɗin shiga, waɗanda wasu jihohi suka kwaikwaya daga baya. A 1914 majalisar tarayya a Washinton ta kafa irin wannan ofishi nata, yana nan har yau.

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. Masu suka sun sa ma ofishin suna masana'antar ƙudurori, suna cewa wasu da ba wanda ya zaɓe su ne ke mulkin jihar ta bayan gida. Emanuel Philipp ya ci zaɓen gwamna a 1914 da niyyar rufe shi. McCarthy ya tsaya ya kare aikinsa, ofishin ya tsira, har shi gwamnan ya koma yana amfani da shi. Zan dawo kan wannan suka, don akwai gaskiya a cikinta.

Yau kusan kowace jiha na da ofishi irin wannan, kuma guraben horon matasa sun tsiro a gefensu. Ba iri ɗaya ba ne. A Kalifoniya majalisar wakilai ta fara ɗaukar matasa masu digiri tun 1957, ta dattawa ta bi a 1973. Kowace na ɗaukar mutum 18 a shekara, suna aiki cikakke a ofishin ɗan majalisa ko a kwamiti, suna kuma ɗaukar darasin masta a jami'ar jihar da ke Sakaramento. Shirin ba na jam'iyya ba ne, amma wanda aka kai ofishin wani, to aikin wannan mutumin zai yi. A Ilinoi an raba abin a fili: yawancin matasan ana kai su ga ma'aikatan jam'iyyun biyu a zaurukan biyu, ƴan kaɗan kuma a kai su sashen binciken da ba ruwansa da jam'iyya. Mai nema tun farko ya san wace ƙofa yake ƙwanƙwasawa.

A 2009 wata majalisar masana kimiyya da fasaha ta Kalifoniya, wadda ake taƙaita sunanta da CCST, ta fara kai masu doktora majalisar jihar na shekara guda. Ku yi tunanin wadda ta yi shekara biyar ko shida tana nazarin ƙwayoyin cuta. Makonnin farko ba a tambayar ta komi a kan ƙwayoyin cuta. Koya mata ake yadda ƙuduri ke tafiya daga kwamiti zuwa zaure, yadda ake karanta kasafin kuɗi, da yadda ake taƙaita magana. Daga nan a ba ta ƙuduri a kan wani abu da wataƙila ba ta taɓa karantawa ba. Abin da ake so a wurinta shi ne ta san bambancin hujja mai ƙarfi da marar ƙarfi, ta san wanda za ta buga ma waya, ta kuma iya cewa nan kam ba a sani ba tukuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne na jihar Misuri, don ɗalibai ne suka ƙirƙiro shi da kansu. Wasu masu karatun doktora a jami'ar jihar suka ga majalisarsu, mai wakilai 163 da dattawa 34, ba ta da masu ba ta shawarar kimiyya, ga kuma doka ta hana kowa wuce shekara takwas a zaure guda, wato da mutum ya fara gane kan aiki sai ya tafi. Suka kafa ƙungiya mai suna MOST, suka yi shekaru suna neman kuɗi da yardar ɓangarorin biyu, a 2020 suka fara ajiye masu bincike a babban birnin jihar. Su ba a ba wani ɗan majalisa guda su. Duk wanda ya aiko tambaya a amsa masa da gajeruwar takarda, a kuma sa ta a intanet kowa ya gani. Takardar ba ta cewa a yi ko a bari.

Nan ne wuyar aikin take, kuma nan nake so mu ɗan daɗe. Bari in ɗauki misali daga Misurin, a kan abin da kowa a ɗakin nan ya sani, hular kwano. A 2020 jihar ta sassauta dokarta: wanda ya kai shekara 26 kuma yana da inshorar lafiya yana iya hawa babur ba hula. To ka ɗauka kai ne mai bincike a lokacin da ake muhawara, wani ɗan majalisa ya aiko maka tambaya. Mi za ka rubuta?

Za ka fara da abin da doka ke cewa a yanzu da abin da ƙudurin zai canza, cikin layi uku ko huɗu. Sai ka kawo abin da sauran jihohi ke yi: wasu sun wajabta ma kowa, wasu matasa kaɗai, uku kuma, Ilinoi da Ayowa da Niyu Hamsha, ba su da dokar ma sam. Sai hujja. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayya ta ƙiyasta cewa cikin mahaya 100 da suka mutu ba hula, 37 da sun rayu in da duka sun sa. Sai batun kuɗi: wa ke biyan asibiti in wanda ya fashe kai ba shi da isasshiyar inshora, kuma yaya ɗan sanda zai gane shekarun mutum da inshorarsa alhali yana gudu a kan titi. Sai kuma ka rubuta hujjar masu goyon baya yadda su da kansu za su yarda ka faɗe ta daidai: baligi na da ƴancin ɗaukar kasada a kan ransa, hukuma ba uwarsa ba ce. Wannan hujja ba lissafi ke warware ta ba. Duka a shafi biyu. Ka kai. Kada ka ƙara layin da ke cin ranka, wato don Allah kada ku yarda da wannan doka.

An kaɗa ƙuri'a, doka ta wuce, gwamna ya sa hannu, kuma bayan haka mahaya marasa hula da ke mutuwa a jihar sun ƙaru. Kai kuma washegari sai ka koma ofis, wanda ya jagoranci ƙudurin ya aiko maka wata tambaya a kan wani batu, ka amsa masa da irin kulawar da za ka yi ma wanda ka fi so a zauren.

Ranar da na fara karanta wannan, na ce a raina ai wannan tsoro ne aka yi ma ado. Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti duba ɗan kabu-kabu da ya faɗi ya san ba wasa ba ne. Ka san gaskiya, rai na ciki, ka yi shiru? Daga baya na sake tunani. Bai yi shiru ba, lambar 37 ɗin tana nan a shafin farko, ba wanda zai ce ba a gaya masa ba. Abin da bai yi ba shi ne ya ƙwace hukuncin da ba shi aka ba. Mutane ɗan majalisa suka zaɓa, shi za su tuhuma, shi za su iya kayarwa. Sannan akwai lissafi mai sauƙi. Ranar da mai bincike ya karkata sau ɗaya, rabin zauren ya daina karanta takardunsa har abada, su koma ga ƴan kamun ƙafa, kuma gobe in batun ruwan sha ya taso ba wanda zai saurare shi. Ban ce wannan ya share ɗacin ba. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, akwai ƙungiyoyin fafutuka, aiki ne mai daraja, ya je can ya yi magana da babbar murya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya sa rigar mai bincike yana aikin ɗan fafutuka a ɓoye.

Akwai kuma riƙon sirri. A ofisoshin da ke rubuta ƙudurori, abokan hamayya biyu na iya zuwa wurin mutum guda cikin mako guda, ɗaya yana shirya doka, ɗayan yana shirya yadda zai kashe ta. Ka yi ma kowa aikinsa, kada ɗaya ya ji ƙanshin ɗayan a bakinka. Sunanka kuma ba ya fitowa. Ɗan majalisa zai tashi a zaure ya karanta jimlolinka kamar daga kansa suka fito, a yi masa tafi, kai kana bayan ɗaki riƙe da jaka. Mu da ko shara muka yi a unguwa sai mun sa hoto a Facebook, wannan kaɗai jarrabawa ce.

Ba ko'ina ne ake hana ba da shawara ba. Kalifoniya na da ofishin mai nazarin kasafin kuɗi na majalisa, LAO, tun 1941. Gwamnan lokacin ya ƙi sa hannu a dokar kafa shi, majalisa ta kafa abinta ta hanyar ƙa'idojinta na cikin gida. Wannan ofishi yana fitowa fili ya ce muna ba da shawarar a rage nan, a ƙi wancan. Alan Post ya shugabance shi daga 1949 zuwa 1977, ya saɓa da gwamnonin jam'iyyun biyu, kuma abin da ya sa aka yarda da shi ke nan. Shi ne kuma ofishin da ke rubuta bayanin da ake aika ma masu zaɓe a kan abin da kowace dokar raba-gardama za ta ci na kuɗi. Kun ga ashe rashin jam'iyya kala biyu ne. Wani ba ya faɗin ra'ayi sam. Wani yana faɗi, amma awon da yake yi ma wannan shi yake yi ma wancan, kamar mai tiya ɗaya a kasuwa.

Yanzu in dawo kan sukar da aka yi ma McCarthy. Mutumin yana da ra'ayi, kuma kowa ya san inda zuciyarsa ta karkata, wajen masu neman sauyi na zamaninsa. A 1912 ma littafi ya rubuta yana yabon tafarkin Wiskonsin. Kuma gaskiya ne cewa mai haɗa takarda yana da iko ko bai faɗi ra'ayi ba. Shi ke zaɓen abin da zai hau shafin farko da abin da zai koma ƙasa, wane bincike zai ambata, wace jiha zai kawo misali. Ana iya karkatar da mutum ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Maganin da ofisoshin kirki ke amfani da shi ba mai ban mamaki ba ne: wani abokin aiki ya karanta kafin ta fita, a nuna inda aka samo kowace lamba, a faɗi inda masana suka saɓa, a kuma guji kalmomin da ɓangare guda kaɗai ke amfani da su. Wannan ba ya mai da mutum mala'ika, amma yana rage ɓarna.

Sannan aikin ba shi da garkuwa in ba yardar waɗanda yake yi ma hidima ba. A 1990 masu zaɓe a Kalifoniya, cikin fushi da ƴan siyasa, suka amince da dokar da ta ƙayyade wa'adin ƴan majalisa ta kuma zabtare kuɗin gudanar da majalisar. Ofishin LAO ya rasa fiye da rabin ma'aikatansa. An yi niyyar hukunta ƴan siyasa, sandar ta sauka a kan waɗanda ba su da jam'iyya. A 1995 majalisar tarayya ta rufe ofishinta na nazarin fasaha da aka kafa a 1972. Ko a can ɗin, mai faɗin abin da ba a so a ji yana iya wayar gari ba kujera.

To mu fa? Ba mu da majalisun jihohi masu yin doka, kuma ban zo in ce a kwafo tsarin Amurka a liƙa mana ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa cibiyar nazarin harkokin majalisa a Abuja a 2011, tana bincike da horo. Mu abin da muke da shi, wanda ba mai musu, shi ne mutanen da ke yanke hukunci a kanmu kowace rana a matakin gari da unguwa: magadan gari ko masu riƙon kujerarsu, sarakuna da masu unguwanni, kwamitin makaranta, kwamitin famfo, shugabannin kasuwa. Muna kuma da jami'o'i a Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, inda kowace shekara ɗalibai ke kare memwar a kan takin zamani, sharar birni, zazzaɓin cizon sauro, rikicin gonaki. A yi walima, a ɗauki hoto da alƙalan jarrabawa, littafin ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Wanda ke yanke hukunci a kan sharar bai san an rubuta ba, in ma ya sani ba zai karanta shafi tamanin na Faransanci ba. Tsakanin kantar nan da teburinsa babu kowa.

A fada kuwa, mun iya gardama. Kafin shayi na uku ya sauka mun gyara ƙasa mun rushe ta. Amma ku lura, kowa da ɓangarensa yake zama, kuma lambar da ta taimake shi kaɗai yake tunawa. Ni ma haka nake, ban fi kowa ba.

Ga abin da nake roƙon waɗanda suke jami'a ko suke shirin shiga su gwada a hutun nan. Ka ɗauki tambaya guda da ake jayayya a kanta a garinku, ƙarama, misali ko a ƙara kuɗin jarkar ruwa a famfon unguwa, ko a ɗauke masu sayar da kaya daga bakin titi. Ka rubuta shafi biyu: yadda abin yake a yanzu, abin da wasu garuruwa suka yi, nawa zai ci kuma wa zai biya, abin da ba a sani ba, da hujjar kowane ɓangare a mafi kyawun siffarta. Duk lambar da ka sa, ka san daga inda ta fito, daga hukumar ƙididdiga ce ko daga littafin kwamiti ko kai ka ƙirga da ƙafarka. Ka rubuta da Faransanci, ka sake rubutawa da Hausa, don da yawa daga masu yanke hukuncin Hausa ta fi zauna masu. Mu da muka yi makarantar harshe biyu mun san wani sirri: kalmar Faransanci mai tsawo na iya ɓoye cewa ba ka gane abin ba, amma da ka zo faɗar ta da Hausa yadda kakarka za ta ji, asiri sai ya tonu.

In ka gama, ka kai ma mutum biyu da ka san ba sa ga maciji a kan batun. Kada ka tambaye su ko sun yarda. Ka tambayi kowannensu abu biyu: na faɗi hujjarka daidai? Kuma a ganinka ni ina wane ɓangare? In ɗayansu ya ce ka rage masa hujja, ko duka biyun suka nuna ɓangare guda, ka koma ka sake rubutawa. Ni na gwada a kan batun kuɗin ruwa, sai a karo na huɗu suka kasa gane ni, kuma ɗayansu har yau yana zargin na ɓoye wani abu.

Shugaban zama na nuna mani agogo. Wanda ke son ganin irin takardun da na ambata, na zo da guda uku da na fassara, suna wurin masu rajista a bakin ƙofa, a karanta a maido don ba ni da wasu.